Excalibur mai tire tara: ta cancanci kuɗinta wajen yi wa kare ƙwalama a gida?

Excalibur mai tire tara na'urar busar da abinci ce, akwatin roba mai fanka da abin ɗumama iska a bayansa. Ba don karnuka aka ƙera ta ba. Kamfanin ya fara ne a Sakaramento ta jihar Kalifoniya a 1973, don masu busar da 'ya'yan itace, ganye da nama. Amma masu kiwon karnuka da masu horar da su sun rungume ta, domin da ita ake mayar da hanta, huhu, ƙirjin kaza da dankalin Hausa ƙwalamar da ake ba kare tukuici, ba gishiri, ba sukari, ba sinadarin hana lalacewa. Hukuncinmu a kanta gajere ne: wajen busarwa tana sahun gaba, sai dai busarwar kawai take yi, ba ta dafawa. Galibin ɓarnar da ake yi da ita daga rashin gane wannan bambanci take fitowa.

Akwai dalilin da ya sa mutane suka fara gudun busasshen naman kanti. Daga 2007 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta riƙa samun koke a kan karnukan da suka kamu da ciwo bayan cin busasshen naman kaza, agwagwa ko dankali na leda, yawanci wanda aka shigo da shi daga Sin. Zuwa ƙarshen 2015 abin ya shafi karnuka sama da 6,200, fiye da 1,140 sun mutu, da yawa da ciwon ƙoda. Wanda ya yi a gida ya san abin da ya zuba. Amma idan ya guji na kanti ya koma ba karensa ɗanyen nama mai ƙwayar salmonela da sunan na gida, tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Samfuri biyu aka fi gani a kasuwar Amurka: 3900B, mai maɓallin zafi kaɗai, da 3926TB, mai ƙarin agogon da ke kashe ta da kansa har zuwa awa 26. Dukkansu wat 600 ne, tire tara masu faɗin santimita 38 ta kowane gefe, fankar inci bakwai, nauyi kusan kilo goma. Zafinta daga digiri 41 zuwa 74 a ma'aunin Selshiyas, tsofaffin samfura kuwa a 68 suke tsayawa. Idan an jera yankakken nama ba tare da ya hau kan juna ba, kowane tire yana ɗaukar giram 350 zuwa 450, wato kilo uku zuwa huɗu a zubi ɗaya.

Abin da ya raba ta da masu araha, irin zagayayyun nan da ake ɗora tire kan tire, shi ne inda fankar take. A zagayayyun, iska daga ƙasa ko daga sama take bi ta ratsa tire ɗaya bayan ɗaya, sai na kusa da zafi ya bushe ƙayau, na nesa yana nan jiƙe, kuma a masu fanka a ƙasa ruwan nama kan ɗiga har cikin injin. A Excalibur iska daga baya take tahowa a kwance, ta bi ta kan kowane tire lokaci guda. Ga kayan lambu wannan sauƙi ne kawai. Ga nama kuwa magana ce ta lafiya, domin tiren da ya daɗe a jiƙe cikin ɗumi gonar ƙwayoyin cuta ne. Duk da haka gefen baya ya fi na ƙofa saurin bushewa, don haka a tsakiyar aiki a zaro kowane tire a juya gabansa ya koma baya.

Kafin a biya kuɗi, a juya bayanta a karanta lambar wuta. Ta kasuwar Amurka bolt 120 take sha, wutar Nijeriya, Nijar da Gana kuwa 220 zuwa 240 ce. In aka jona ta kai tsaye, ta ƙone nan take. Akwai wadda aka ƙera don Turai da Ostireliya, an rubuta mata 220–240, ita za a nema. Wanda ya riga ya sayi ta Amurka sai ya haɗa da taransifomar rage wuta wadda ba ta gaza wat 1,000 ba, ya kuma sani cewa fankar za ta ɗan rage gudu, tunda don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa aka yi ta, tamu kuwa 50 ce. Awa goma na aiki ba zai wuce yunit shida ba, yawanci ma ƙasa da haka, saboda abin ɗumamar yana kunnuwa yana mutuwa. Ga wanda ke layin Band A, rukunin masu samun wuta mafi yawa a Nijeriya, inda yunit ya haura naira 200 a Afrilun 2024, lissafin a fili yake. Ƙaramin janareta mai wat 650 kuwa da ƙyar zai ja ta ita kaɗai, balle da firiji.

A wuri ɗaya rashin zamanancinta ya zama alheri. Maɓallinta na murɗawa ne, ba na dannawa mai allo ba. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai ta ci gaba da aikinta, alhali da yawa daga masu allo sai sun jira an sake saita su. Amma wannan ma takobi ne mai kaifi biyu. Mutum zai iya kwanciya, a ɗauke wuta awa biyar cikin dare, ya tashi ya tarar da fanka na juyawa kamar ba abin da ya faru. Jiƙaƙƙen nama bai kamata ya wuce awa biyu tsakanin digiri 4 da 60 ba, in zafin gari ya haura 32 kuwa awa ɗaya ce. Saboda haka a fara aikin nama da safe, a lokacin da ido ke kai, musamman awa huɗun farko.

Yanzu ga gundarin maganar. Ganin 74 a jikin maɓalli yana sa mutum ya ɗauka naman ma ya kai 74. Bai kai ba. Muddin ruwa na fita daga jikinsa, fitar ruwan tana sanyaya shi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa da rana tsaka. Sai ya kusa bushewa zafinsa ke hawa, a lokacin kuma ƙwayoyin da suka rage sun bushe tare da shi, sun fi jure zafi. Shi ya sa ma'aikatar noma ta Amurka ke cewa a fara kai jan nama digiri 71, kaza 74, kafin a sa a na'ura. Hanya biyu ce: a tafasa a ruwa tsura, ko a gasa a obin har ma'aunin zafi ya nuna tsakiyar naman ya kai. Wanda ya fi son busar da ɗanye don ya fi tauri, to bayan ya bushe ya shimfiɗa shi a obin mai zafin 135 na minti goma. Dafawa kafin busarwa ta fi tabbas. Kada a ce ai kare ne, cikinsa na ƙarfe ne. Ko shi ya tsira, wanda ya ɗauki naman da hannu da yaron da ya taɓa kwalbar ajiyarsa ba su tsira ba. Ma'aunin zafi mai tsinke, irin na masu girki, shi ne abu na farko da za a saya tare da na'urar. Da shi kuma za a gwada ta: a kunna ta ba komai a ciki minti ashirin, a ga ko zafin ya yi kusa da abin da maɓalli ya nuna.

A ɗauki hantar sa kilo ɗaya daga wurin mahauci, mai sheƙi, ba mai fari-farin tabo ko ƙulli a ciki ba. A yanke duk inda matsarmama ta taɓa ya yi kore, a cire farar jijiya. A raba ta gida huɗu, a zuba a tafasasshen ruwa ba gishiri, ba magi, ba albasa, a rage wuta ta yi minti 15 zuwa 20, har in an tsaga tsakiya ba a ga ja ba. A tsame ta huce, a sa a firiji ta yi sanyi, domin hanta mai zafi marmashewa take yi a bakin wuƙa. Sannan a yanka kaurin milimita biyar zuwa shida, kamar kaurin fensir. A jera a kan raga da ɗan tazara, a murɗa maɓalli ƙarshe. Awa biyar zuwa bakwai sun isa da rani, da damina a ƙara biyu ko uku. A ɗauko mafi kauri, a bar shi ya huce minti biyar, a karya. Wanda ya yi zai ba da ƙas, cikinsa launi ɗaya da wajensa, ba laushi, ba sheƙin danshi. Wanda ya lanƙwashe, ko aka ga tsakiyarsa ya fi duhu yana danƙo, a mayar da shi. Kilo ɗayan nan zai koma giram 300 ko ƙasa kaɗan. Ruwan tafasar kuma kada a zubar, a zuba wa kare a kan abincinsa.

Kuskuren da aka fi yi a nan kauri ne. In yankan ya kai santimita ɗaya, bayansa zai yi ɓawo ya toshe hanyar ruwa, a ɗauka ya bushe, bayan kwana huɗu funfuna ta bayyana a kwalba. Na biyu shi ne zuba ɗanyar hanta kai tsaye a raga: tana manne wa ramukan, tana ɗiga, kuma warinta zai cika gidan har maƙwabta su sani.

Huhu ya fi hanta sauƙin sha'ani, ga araha a kwata, ga ƙarancin kitse. Yana tasowa saman ruwa wajen tafasa, sai an danne shi da murfi, amma in ya bushe ba shi da nauyi, yana karyuwa ƙanana, kuma shi ya fi dacewa da horo inda ake ba kare tukuici sau talatin a zama ɗaya. Sai dai a raba shi da maƙogwaro sarai. A jikin maƙogwaron dabba akwai ƙullin tayirod, kuma karen da ke cin busasshensa kullum kan fara rama, yawan shan ruwa, haki da bugun zuciya, kamar mai ciwon tayirod. Ƙirjin kaza a cire fata da duk wani kitse, a sa a firiza awa ɗaya ya ɗan daskare don ya yanku daidai. In aka bi tsawon zaren naman, zai yi tauri ya ɗauki lokaci ana tauna. In aka yanka a gicciye, zai karye da sauƙi, ya dace da kwikwiyo da tsohon kare. Bayan an gasa ya kai 74, awa huɗu zuwa shida a na'ura. Ƙundu da zuciya ma haka, illa dai sai an yi haƙurin cire kitsen da ke jikinsu. Kitse ba ya bushewa, tsami yake yi, kuma yawansa na jawo wa kare kumburin fankiriyas, ciwon da ke zuwa da amai da ciwon ciki mai tsanani.

Dankalin Hausa shi ne inda na'urar ta fi nuna kanta. A wanke, a yar da duk mai baƙin tabo ko ɗaci, a yanka a tsaye kaurin milimita shida zuwa takwas, a tsoma a tafasasshen ruwa minti huɗu ko biyar. Tsomawar nan ce ke hana shi yin baƙi da taurin katako, tana kuma sauƙaƙa narkewa a ciki. Zafi 52 zuwa 57, awa takwas zuwa goma sha biyu. In ana son mai danƙo a cire da wuri, amma wannan gidansa firiji. Rogo kada a kwatanta shi da dankali, ɗanyensa na da guba. Dankalin Turawa mai kore ko tsiro ma haka.

Ana kuma yin biskit. Dafaffiyar kabewa da aka dama giram 250, garin shinkafa ko na ots giram 300, ƙwai biyu, markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali biyu. A kwaɓa, a murza kaurin milimita shida, a yanka, a gasa a obin mai zafin 175 na minti 20 zuwa 25. Daga nan a sa a na'ura a 57 awa huɗu zuwa shida. Biskit ɗin da ya fito daga obin kawai yana riƙe da danshi a ciki, ba ya wuce kwana uku ko huɗu a waje, wanda ya bi ta na'ura kuwa yana kai mako biyu. Gyaɗar a tsince ta da kyau, a yar da duk mai funfuna ko ƙwandararriya, domin gubar afalatoksin da funfuna ke samarwa na lalata hantar kare, kuma zafin obin ba ya kashe ta. In ta kwalba ce daga waje, a karanta jikinta: in akwai zailitol, wani sinadarin zaƙi, a ajiye. Kashi ɗaya cikin goma na giram a kan kowane kilo na nauyin kare ya isa ya faɗar da sukarin jininsa.

Mai karatu zai ce ai wannan kilishi ne, me zai hana a yago wa kare na gida? Shanyar farko ta kilishi, tsurar naman, ita ce ta yi kama da abin da ake nema. Matsalar labu ce: tunkuza, albasa, tafarnuwa, barkono, gishiri da magi. Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanye ne, dafaffe ne ko gari, garin ma ya fi ƙarfi. Giram 15 zuwa 30 na albasa a kan kowane kilo na nauyinsa sun isa su yi ɓarna, kuma kaɗan-kaɗan a kullum ma taruwa yake yi. Galibi alamar ba ta fitowa sai bayan kwana biyu zuwa biyar: kasala, dasashi ya yi fari, fitsari ya yi ja ko baƙi. Tsire da balangu masu yaji hukuncinsu ɗaya. Inabi da busasshensa suna kashe ƙoda, cakulan kuma guba ne gare shi. Ƙashi kuwa, shawararmu a bar shi gaba ɗaya. Ana yayin busar da ƙafar kaza, amma in an dafa ta don kashe ƙwayoyi, ƙashin ya zama mai tsagewa kamar kwalba, in ba a dafa ba kuma an koma gidan jiya.

Ƙwalama kada ta wuce kashi goma cikin ɗari na abin da kare ke ci a yini. Kare mai kilo 30, kamar matsakaicin Jaman Shefad, yana buƙatar kalori wajen 1,400, don haka rabonsa na ƙwalama 140 ne, kusan giram 30 zuwa 35 na busasshen nama. Ido na yaudara a nan, domin abin da ya cika tafin hannu a bushe ya ninka uku a ɗanye. Hanta kuma nata ma'aunin daban: giram goma na busasshiya a yini sun ishi karen nan. Bitamin A da jan ƙarfen da ke cikinta taruwa suke yi a jiki, kuma kafin a kai can ma gudawa za ta riga ta yi gargaɗi. Kare mai ciwon ƙoda, ciwon suga ko mai yawan ƙaiƙayi, sai an ji ta bakin likitan dabbobi.

Bayan an kashe na'ura a bar kayan su huce awa ɗaya a kan raga, sannan a zuba a busasshiyar kwalba mai murfi. Washegari a duba: in an ga gumi a jikin kwalbar, aikin bai kammala ba, a mayar awa biyu. Da zafin Maris da Afrilu kada nama ya wuce mako ɗaya a waje. A firiji yana kai mako uku, a firiza wata uku zuwa shida, a ƙananan ledoji don a riƙa cirowa ɗaya-ɗaya. In funfuna ta fito a guda ɗaya, kwalbar duka ta tafi.

Na'urar tana da nata aibun, kuma ga mai tsada irin wannan sai an faɗa. Ƙofarta ba ta da hinji, rataya ta ake yi a gaba, ɗan bugu kaɗan ta faɗo. Ba ta da tiren tare ɗigo, sai an shimfiɗa takardar gashi a ƙasanta, in ba haka ba ruwan nama ya ƙone a kusurwa ya zama aiki. Wayar da ta kare fanka tana tara maiƙo, kuma hannu ba ya shiga da daɗi. Ragar tana riƙe warin hanta, don haka wanda zai busar da tumatir, kuɓewa ko zogale na gida a cikinta ya ware ragar nama daban, ya jiƙa ta a ruwan zafi da sabulu da zarar an gama. Shimfiɗar da ake sa wa abu mai ruwa-ruwa ma daban ake sayenta. Fankar na da ƙara, ba a kwana ɗaki ɗaya da ita. Ba ta da matatar iska, to da hunturu duk ƙurar da ke wurin tana iya bi ta kan naman, sai a ajiye ta a ɗaki mai rufi da tagar raga, a bar taƙi ɗaya tsakaninta da bango, a kan tebur mai tsayin da kare ba zai kai ba. Wari zai kira shi, zai kira ƙuda da kiyashi.

Wa ya kamata ya saya? Mai karnuka uku zuwa sama, kamfanin tsaro mai karnukan gadi, mai horarwa, ko mai niyyar yi don sayarwa, in yana da tsayayyar wuta ko sola mai ƙarfi. Zubi ɗaya na kilo uku da rabi zai ba da busasshe sama da kilo ɗaya, wato ƙwalamar babban kare ɗaya ta fiye da wata guda. Ga mai kare ɗaya tire tara sun yi yawa: akwai ƙanwarta mai tire biyar da wat 440, aikinsu ɗaya. Wanda ke da obin mai fanka da ke sauka zuwa digiri 70 ko 80 zai iya yin duk abin da aka faɗa, ya saƙala cokalin katako a ƙofar don tururi ya fita, illa dai zai fi shan wuta ko gas, kuma tire biyu kawai zai samu. Dankali da kabewa kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu a Kano, Sakkwato ko Damagaram, rana da busasshiyar iska suna yin aikin kyauta a ƙarƙashin raga mai hana ƙuda. A watan Agusta ne, lokacin da dankali ke yin funfuna kafin ya bushe, ake gane abin da aka biya wa kuɗi.